Tudun ƙonannun duwatsu: me masu tono suke nema a cikinsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne. Na ga wani rahoto mai hotuna daga ƙasar Ayalan, inda masu binciken kufai suka shafe makonni suna tonon wani ɗan tudu a cikin fadama, aka ce ya haura shekara 3,000. Da na duba abin da suka fito da shi, ban ga komai ba sai fasassun duwatsu da baƙar ƙasa da wasu ruɓaɓɓun katakai. Babu tukunya, babu ƙashi, babu makami. To me ake nema a irin wannan wuri? Yaya aka san aikin mutane ne ba gobarar daji ba, kuma me suka yi da shi? Shin muna da irinsa a ƙasarmu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda za a zuba kuɗi da ƙarfi a wurin da bai ba da ko guntun kasko ba, kana kuma son sanin hujjar da ake kafawa cewa mutane ne suka tara duwatsun, da abin da suka yi da su. Na yi aikin tono a irin waɗannan wurare a yammacin Ayalan, a shekarun da ake shimfiɗa sababbin manyan hanyoyi a ƙasar, saboda haka zan haɗa maka abin da yake rubuce da abin da hannuna ya taɓa. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne cewa tudun da ka gani juji ne. Shara ce ta wani aiki da aka daɗe ana maimaitawa a wuri guda, kuma abin da masu tono suka fi damuwa da shi yana gefen tudun ko ƙarƙashinsa, wato ramin da aka riƙa tafasa ruwa a ciki. Waɗancan ruɓaɓɓun katakai da ka ambata a ƙarshe su ne zuciyar wurin.

Yadda tudun ya samu

Mutanen wancan zamani suna da tukwanen yumɓu, amma ba su da tukunyar da za ta ɗauki ɗaruruwan lita na ruwa, kwamin katako kuma ba ya hawa murhu. Dabarar da suka yi ita ce su haƙa rami a wuri mai dausayi, kusa da ƙorama ko idon ruwa, inda ruwa zai tsattsafo ya cika shi da kansa. Sai su daɓe cikinsa da alluna, ko faffaɗan duwatsu, ko yumɓu, wani lokaci ma su fafe gungumen itace guda su binne shi. Tsawon irin wannan kwami yakan kai mita ɗaya zuwa biyu, faɗinsa kamar mita ɗaya, zurfinsa kuma wajen rabin mita. A gefensa sai a hura babbar wuta a gasa duwatsu har su yi ja, a riƙa tura su cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya har ya tafasa.

Dutsen da ya fito daga wuta ya faɗa ruwan sanyi tsagewa yake yi, domin bayansa yana hucewa nan take alhali cikinsa yana nan da zafi. Idan aka yi ta sake gasa shi sai ya farfashe, ya zama ƙananan guntaye da ba su da sauran amfani. Kafin a sake tafasa wani ruwan dole a kwashe su daga kwamin tare da toka da gawayi, kuma mai kwasa ba ya kai su nesa: yana watsa su dama da hagu da bayan ramin, ya bar gefe ɗaya a buɗe don hanyar shiga. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin tuddan suke da siffar ƙoda ko jinjirin wata, kwamin yana cikin lanƙwasar. Ruwa yana cin zafi ƙwarai, kilo ɗaya nasa yana buƙatar kusan ninki biyar na zafin da kilo ɗaya na dutse yake buƙata kafin ya ɗumama daidai da shi, saboda haka tafasa kwami guda yana cin ɗaruruwan kilo na dutse. Ka ga ke nan ba abin mamaki ba ne a sami tudun da ya kai faɗin mita goma ko ashirin.

Mutanen Ayalan suna kiran irin wannan wuri fulacht fiadh a harshensu, a Ingila da Sikotilan kuma sunan da ake ba shi yana nufin ƙonannen tudu kawai. Tun kafin aikin hanyoyi an ƙidaya sama da 4,500 a Ayalan, kusan 2,000 daga ciki a gundumar Cork kaɗai, tonon da aka yi a kan layin sababbin hanyoyi kuma ya fito da ƙarin ɗaruruwa waɗanda garma ta riga ta baje, ba a ganinsu daga sama. Akwai su da yawa a tsibiran Orkney da Shetland na arewacin Sikotilan, da yankin Wales, har da cikin birnin Birmingham a gefen ƙoramu. Mafi yawansu na Zamanin Tagulla ne, tsakanin shekara ta 1800 da ta 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko da yake an sami waɗanda suka girmi haka.

Hujjar cewa aikin mutum ne

Gobarar daji tana wucewa da sauri, tana babbake bayan dutse ta bar shi a inda ta same shi. Ba ta tattara duwatsu masu kusan girma ɗaya ta jibge su a tsakiyar fadama, inda sau da yawa ƙasar wurin ma ba ta da dutse ko kaɗan, sai an ɗauko daga wani wuri. Idan ka ɗauki guntu daga tudun za ka ga ya yi ja ko ruwan toka har cikinsa, gefensa yana da kaifi da kusurwoyi, jikinsa ya yi tsage-tsage ƙanana, wani ma yana marmashewa a hannu. Dutsen da ruwan rafi ya gangaro da shi sumul yake, wanda sanyin hunturu ya fasa kuma ba ya canza launi. Akwai kuma alamar zaɓi: a wurare da dama an fi samun dutsen yashi, ko da a yankin akwai dutsen farar ƙasa birjik, domin dutsen farar ƙasa idan ya sha wuta sosai ya shiga ruwa yakan narke ya ɓata ruwan. Wanda ya tsallake dutsen da ke gabansa ya je ya ɗauko wani ya san abin da yake yi. Idan aka zo kan kwamin kuwa magana ta ƙare, musamman idan aka ga sawun bakin gatari a jikin allunan da turakun da aka fiƙe aka kafa a kusurwoyi huɗu.

Yadda ake tonon

Kafin a sa shebur a ƙasa akan bi wurin da na'urar auna maganaɗisu, domin dutse da ƙasar da suka sha wuta suna nuna alama mai ƙarfi a jikinta. A Ayalan ba a tonon irin wannan wuri sai da lasisin hukuma. Bayan an cire ƙasar sama, akan share fuskar tudun gaba ɗaya da fartanya da ƙaramin cokalin magina har iyakarsa ta fito, a ɗauki hoto, a zana shi bisa awo. Daga nan sai a kafa turaku a ja igiya a raba shi gida huɗu, a fara tonon gida biyu da ke kallon juna, a bar sauran a tsaye. Amfanin haka shi ne a sami bango a miƙe wanda zai nuna hawa-hawan ƙasar daga sama har ƙasa, kamar yadda mai haƙar rijiya yake ganin canjin ƙasa yayin da yake nutsawa. Kowane hawa, kowane rami, kowane abin da ya cika ramin, ana ba shi lambarsa da takardarsa, a rubuta wanne ne ya hau kan wanne.

A nan ne aikin yake da wuya, domin tudun baƙi ne daga sama har ƙasa, kuma idon sabon shiga ba ya ganin bambanci. Sai an saba ake lura cewa nan gawayi ya fi yawa, can duwatsun sun fi ƙanƙanta, a wani wuri kuma akwai siririn layin laka da ambaliya ta shimfiɗa, ko ƙasar da ciyawa ta taɓa tsirowa a kai. Irin wannan layi yana da muhimmanci ƙwarai, domin yana nuna an bar wurin na wani lokaci sannan aka dawo. Akwai wuraren da aka sami kwami biyu ko uku, sabo ya yanka tsohon, kuma gwaji ya nuna ɗaruruwan shekaru a tsakaninsu. Akan kuma auna yawan dutsen da bokiti ko baro, domin a yi kirdadon sau nawa aka tafasa ruwa, ko da yake wannan lissafi yana da rauni, tunda ba kowane irin dutse ne yake jure gashi iri ɗaya ba, kuma manoma sun sha ɗibar tuddan suna cike hanyoyin gona da su.

Kwamin ake bari ƙarshe, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Ruwan da ya sa mutanen farko suka zaɓi wurin yana nan har yau, saboda haka kullum da safe sai an kwashe shi da injin jan ruwa da bokiti da soso kafin a ga abin da ake yi. Wannan ruwa da ke wahalar da mai tono shi ne ya adana katakon, domin inda iska ba ta shiga ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa aiki. Katakon da ya yi shekara 3,000 a jiƙe taushi gare shi kamar cuku, idan rana ko iska ta buge shi na 'yan sa'o'i sai ya tsage ya kanannaɗe. Dole a riƙa yayyafa masa ruwa ana rufe shi da leda, a zana kowane allo a inda yake, a ba shi lamba, sannan a ɗaga shi a kan wani allon.

A kwamin farko da aka ba ni na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Ɗokin in ga allunan ƙasa ya sa na fara kwashe lakar da ta kwanta a gindin ramin ina zubawa a baro, ina ganin datti ne da ya rufe abin da ake nema. Shugabar aikin ta tsayar da ni bayan na kwashe kusan rabi. Wannan laka mai kaurin 'yan yatsu ita ce kaɗai abin da ya saura daga ruwan da aka tafasa na ƙarshe da kwanakin da suka biyo baya. A cikinta ake samun ƙurar furanni, da 'ya'yan tsirrai, da fukafukan ƙwari, waɗanda za su nuna ko wurin daji ne ko makiyaya, ko ruwan mai tsabta ne ko mai ruɓa, ko an jiƙa wani tsiro da ba ya fitowa a fadama. Rabin da ya rage muka zuba a jakunkunan leda aka kai ɗakin gwaje-gwaje, rabin da na zubar kuwa ya tafi ke nan. Tono ba ya maimaituwa, abin da aka cire ba tare da rubutawa ba babu mai sake ganinsa.

Shekarun wurin kuma daga gawayi da katako ake samo su. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14, wanda yake raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730 daga ranar da abin ya mutu. Sai dai akwai tarko a nan: itacen ok, wani babban itace na Turai, yana iya rayuwa ɗaruruwan shekaru, kuma gawayin da ya fito daga tsakiyarsa zai ba da shekarun da suka girmi wutar da aka hura da shi. Shi ya sa ƙwararre yake duba gawayin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya zaɓo ɗan ƙaramin reshe na itace mai gajeren rai. Ya fi kyau kuma a ɗauko shi daga gindin kwamin ko daga murhu, ba daga saman tudun da garma da saiwoyi suka dama ba. Idan aka yi sa'a allon ok ne mai zobba da yawa, wato zagayen da itace yake ƙarawa a cikinsa ɗaya kowace shekara, ana iya gwada zobban da jerin da masana na jami'ar Queen's a Belfast suka haɗa, wanda ya haura shekara 7,000, a gano shekarar da aka sare itacen ko kusa da ita.

Me aka yi da ruwan zafin?

Nan ne masana suka rabu, kuma har yau ba su haɗu ba. Tsohon ra'ayi shi ne dafa nama. Wani malamin tarihi na Ayalan, Geoffrey Keating, ya rubuta wajen shekarar 1634 cewa mayaƙan da ake kira Fianna sukan haƙa ramuka biyu bayan farauta, su ɗaure nama da igiyar ciyawa su dafa shi a ɗaya da gasassun duwatsu, su yi wanka a ɗayan. Labari ne mai daɗi, amma tsakaninsa da Zamanin Tagulla akwai fiye da shekara 2,000, don haka ba shaida ba ce ta wanda ya gani da ido. Abin da ya ƙarfafa ra'ayin shi ne aikin Michael O'Kelly a Ballyvourney cikin gundumar Cork a 1952. Bayan ya tone wurin sai ya sake gina kwamin, ya tafasa ruwa kimanin lita 450 cikin minti 35 ko ƙasa da haka, ya naɗe cinyar tunkiya mai nauyin kilo huɗu da rabi a cikin ciyawa, ya riƙa ƙara dutse jefi-jefi, ta dahu cikin awa uku da minti 40. Gwajin ya tabbatar da cewa ana iya dafa nama ta wannan hanya. Bai tabbatar da cewa abin da aka yi ke nan ba, kuma wannan bambanci ne da ɗalibin tarihi ya kamata ya riƙe a duk inda ya ga an yi gwaji irin wannan.

Matsalar ita ce wadda kai ma ka lura da ita, wato rashin ƙashi. Masu ra'ayin girki suna amsawa da cewa ƙasar fadamun Ayalan tana da tsami, tana cinye ƙashi cikin 'yan ƙarnuka, kuma mai yiwuwa a can ake dafawa a kai gida a ci. Suna da abin kafa hujja, domin a Fahee South da ke gundumar Clare, inda ƙasar ta dutsen farar ƙasa ce marar tsami, an sami ƙasusuwan dabbobi. A 1987 kuma Lawrence Barfield da Mike Hodder, waɗanda suka tone wani tudu a Cob Lane cikin Birmingham, suka kawo ra'ayin cewa wuraren na wankan tururi ne, kamar surace amma na jiki duka, a cikin 'yar bukkar fata da ake shigar da gasassun duwatsu ana yayyafa musu ruwa. Hujjarsu ita ce rashin duk wani tarkacen abinci, da kusancin ruwa, da yadda al'ummomi da dama a duniya suka san wannan al'ada. A wasu wuraren an sami ƙananan ramukan turaku a jere da za su iya zama sawun irin wannan bukka. A Liddle da ke Orkney kuwa, wanda John Hedges ya tone a shekarun 1970, kwamin dutse ne a cikin ginin dutse mai murhu, abin da ke nuna wuri ne da aka gina don ya daɗe, ba zangon mafarauta na kwana ɗaya ba.

A 2007 wasu masu binciken kufai biyu a Galway ta yammacin Ayalan, Billy Quinn da Declan Moore, suka dafa giyar sha'ir a kwamin katako da gasassun duwatsu, ta kuma yiwu. Wasu sun gwada wanke gashin tumaki da rina shi, wasu jiƙa fata, wasu lanƙwasa itace da tururi. Wanda ya taɓa tsayawa a marina ko majema ya san cewa sana'ar da ke cin ruwa da yawa tana kuma wari akan kai ta bayan gari, kuma za ta iya yin shekaru ba ta bar tukunya ko ƙashi ba. Wannan ya dace da yadda tuddan suke, domin galibinsu ba a cikin gidaje ake samunsu ba.

Ni a ganina kuskuren yana cikin neman amsa guda. Abin da tono yake tabbatarwa shi ne an tafasa ruwa mai yawa, sau da yawa, a wuri ɗaya. Dabarar da aka yi amfani da ita fiye da shekara dubu, daga kudancin Ayalan har Shetland, da wuya a ce aiki ɗaya tak ta yi wa kowa, kamar yadda mai ganin murhu ba zai rantse cewa tuwo kaɗai aka taɓa ɗorawa a kai ba. Na fi karkata ga cewa girki yana da babban kaso, musamman na taro, domin ba a tara itace da dutse mai yawa haka don cikin mutum biyu. Amma a wuraren da na tona da hannuna ban sami ƙashi ko ɗaya ba, kuma ba zan iya ce maka ga abin da aka jefa cikin waɗancan kwamaye ba. Kitse yana tasowa saman ruwa ya tafi, ruwan ƙasa kuma ya yi shekara dubbai yana wanke katakon. Kowane wuri sai an yi masa hukunci da abin da lakarsa ta nuna.

Ko muna da irinsa

Tudun ƙonannun duwatsu mai kwami a fadama abu ne na arewa maso yammacin Turai, kuma bai kamata a ɗauko sunan a liƙa wa duk baƙin tudun da aka gani a ƙasarmu ba. Tuddan da aka fi sani a nan iri biyu ne. Akwai na zaman mutane, inda gini ya rushe aka yi wani a kansa har ƙasa ta taru, kamar Daima a Borno da Graham Connah ya tone a shekarun 1960, mai tsayin mita goma da wani abu, cike da kasake da ƙasusuwa da kaburbura. Akwai kuma na narka tama, wato tarin kashin maƙera da akan samu a wurare kamar Taruga a yankin al'adar Nok, inda Bernard Fagg ya gano matoyan ƙarfe. Wannan na biyun ne ya fi kama da abin da ka gani a hoto, domin shi ma juji ne na aikin wuta, kuma shi ma ana tononsa ne don a gane yadda aka yi aikin, ba don a sami kayan ado ba.

Bambance su ba shi da wuya. Kashin maƙera yana da nauyi, baƙi ne mai ƙyalli, da ƙananan ramuka a jikinsa da alamar ya taɓa narkewa ya kwarara, kuma kusa da shi akan ga fasassun bututun yumɓu da iska take bi ta shiga wuta. Gasasshen dutse kuwa bai narke ba, tsagewa kawai ya yi ya canza launi. Idan ka ci karo da ɗayansu a gona ko bakin rafi, ka ɗauki hoto da wani abu a gefe da zai nuna girmansa, ka rubuta inda yake, ka bar komai a wurinsa, sannan ka kai labari gidan tarihi mafi kusa ko sashen binciken kufai na jami'a, domin a Nijeriya ma tono sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.